Zuwa Jos Neman Mikoron Jitar Magaji

Tun da na dawo daga Jos ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a kara, inda muke cinikin raguna, sai wani ya matso ya ce, "Bawa, wai da gaske jita kar raka har ƙasar waje?" In na je kasuwar Tibiri haka, in na je Dumega haka. Kowa da guntun labarinsa, kuma babu wanda ya ɗauko shi daga farko. Ni kuwa ba na son labarin da aka fara daga tsakiya. Saboda haka zan rubuta shi bi da bi, wanda ya karanta ya karanta wa na kusa da shi, a bar ni in huta.

Da farko, dalilin tafiya.

Ɗan farina, wanda muke ce wa Magaji saboda sunan mahaifina gare shi, makaɗin jita ne. Ya fara a majami'a, yana raka mawaƙa ranar Lahadi, ban hana ba. Daga baya ya ɗauko wani kiɗa da yake ji a waya, wanda suke ce wa metal, kiɗa mai nauyi da gurnani. Shi ma ban hana ba, amma ban taɓa zama na saurara ba. A wurinmu uba ba ya zuba wa ɗan fari ido, ba ya yabonsa, ba ya doguwar hira da shi. Haka ubana ya yi mini, kuma ban lalace ba. In Magaji ya jona jitar a amfuli, wato akwatin da ke ƙara mata murya, sai in ɗauki hulata in tafi duba dabbobi.

Jitar tsohuwa ce, ta hannu. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai wasu abubuwa uku masu tsawon yatsa, su ke ɗaukar motsin tsirkiya su kai wa amfuli. Mikoro ake ce musu. Magaji ya ce nasa ba su da ƙarfi, muryarsu siririya ce, kuma in ya ƙara wuta sai su yi ta ƙugi kamar zuma a cikin amya. Yana so ya sauya na kusa da jaki, wurin da tsirkiyoyi suka hau, ya sa mai ƙarfi. Ya nema a Yamai bai samu ba. Sai wani abokinsa na waya ya ce a Jos akwai shago mai iri-iri, har a bar ka ka gwada kafin ka saya.

Na ce ya tafi. Wanda ya wuce shekara ashirin da biyar ba a riƙe masa hannu.

Ana gobe tafiya uwarsa ta same ni a zaure.

"Ka ga abin da yaron ga ya yi?" ta ce.

"Ban gani ba."

"Ya ba ƙanenai makullin babur. Ya kwashe tuhwahinai dut, har bargo. Mai zuwa sayen abu guda ba ya kyautad da babur. An ce mishi akwai wuri cikin wata ƙungiyar makaɗa can. Ba dawowa za shi yi ba."

"Wa yah hwaɗa miki?"

"Ina da ido. Tashi ka bi shi."

"In ce mishi mi?"

"Wannan kuma kai da shi."

Na aika ƙanensa ya gaya masa cewa ina so in ga farashin raguna a Jos, za mu tafi tare. Amsar da ta dawo ita ce, "To."

Zangon farko daga Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni ne, a cikin kar, wato babbar motar haya. Damina ce, an gama maimai, wato noma na biyu, hatsi ya kai ƙugu dama da hagu. Magaji ya tsai da jitar tsakanin ƙafafunsa cikin baƙar jakarta. Wata tsohuwa da ke gefensa ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Ɗana, wanga babban goge hwa? Wace doguwa kaka kira da shi?"

"Inna, tawa doguwar ba ta sauka sai an jona mata wuta," ya ce.

Duk kar ta kwashe da dariya. Ni ban yi ba, amma na lura da abu guda: ban san yana da barkwanci ba.

Na biyu, iyaka. Daga Ƙonni muka shiga ƙaramar mota zuwa Illela. Ma'aikacin da ya duba kayanmu ya buɗe jakar, ya dubi jitar, ya dube ni da farin gemuna.

"Baba, kai ne makaɗin?"

"Ni falken raguna ne."

"To, wannan ragon ba shi da ƙaho." Ya taɓa tsirkiya da yatsa, ta yi wani ɗan kuka kamar sauro. Ya girgiza kai. "Da wannan za ku ci abinci? Allah ya rufa asiri. Ku wuce."

A nan muka canza sefa zuwa naira. Aljihuna ya kumbura har na ji kamar na zama attajiri, kuma wannan jin ya bar ni a wurin mai abinci na farko.

Sakkwato ba ta ba ni mamaki ba. Maganarsu tamu ce, furarsu tamu ce, zafinsu namu ne. Mun sauka a gidan Alhaji Namata, abokin cinikina na shekaru, wanda yake zuwa Dutsi sayen raguna kafin layya. Ya yanka mana zabo, ya ba mu ɗakin baƙi. Muna cin abinci ya dubi Magaji ya ce, "Samari, wace sana'a aka yi?"

Magaji ya buɗe baki, sai na riga shi. "Shina taya ni kiwo," na ce.

Ba ƙarya ba ce, yana taya ni. Amma ya sunkuyar da kai, bai ƙara ɗaukar nama ba.

Na uku, doguwar hanya, daga Sakkwato zuwa Zariya, daga Zariya zuwa Jos. A can motar da aka yi don mutum huɗu tana ɗaukar duk wanda ya yarda ya numfasa kaɗan-kaɗan. Bayan Gusau taya ta fashe, kuma ta maye gurbinta ta fi ta tsufa. Ruwa ya sauko, muka fake a rumfar mai shayi. A nan na ci burodinsu, mai zaƙi, mai laushi kamar katifa. Na ce wa mai shayin a wurinmu burodi dogo ne, yana da ɓawo, yana ƙara in an karya. Ya ce, "Baba, wannan ai sanda ce kuke ci." Wata ɗaliba da ke cikin motarmu ta roƙe ni in sake cewa "munka taho", don ta ji daɗinsa. Na ce mata ni ba rediyo ba ne. Ta ce ai ko wannan ma in sake faɗa.

Na huɗu, Jos da masauki. Abin da zan fara faɗa game da Jos shi ne sanyi. Da damina, ana tsakar rana, haƙorana suna haɗuwa. Mun sauka a masaukin baƙi na wata majami'a, wanda wani dattijo mai suna Baba Gyang yake kula da shi tare da matarsa. Da matar ta gan ni cikin rigata mai shara-shara sai ta shiga ta fito da rigar sanyinta, ja, mai furanni a ƙirji. Na ce na gode, ba na bukata. Ba a jima ba na aika a karɓo mini ita. Da ita na zaga Jos, kuma wanda ya ga hoton da Magaji ya ɗauka ya riƙe bakinsa.

Abincinsu gwate ne, tsakin masara da aka cika da ganye har ba ka ganin hatsin. Sai dankalin turawa safe da yamma. Na tambayi fura, aka ce sai an je wata unguwa. Gaisuwarsu gajera ce. Mutum ya ce "Sannu, Baba," kafin ka tambaye shi gida da iyali da gajiya ya riga ya sha kwana. Amma ba rashin kirki ba ne, don wanda ya yi maka wannan gajerar gaisuwa shi ne zai ajiye aikinsa ya raka ka har inda kake nema. Na kuma ga a shagunansu ana manna farashi a jikin kaya. Na ɗauka bakin farko ne kawai suke rubutawa don kada su manta.

Na biyar, shago. Yana saman bene, jitoci rataye a bango kamar raguna a wurin mahauta. Wata mace tana zaune a bayan tebur da ƙarfen dalma a hannu, hayaƙi na tashi.

"Ɗiyata, ina mai shagon?"

"Ga ni, Baba. Sunana Kaneng."

Ta karɓi jitar Magaji, ta juya ta, ta jona, ta ji ƙugin, ta ce ta gane ciwon. Sannan ta fito da mikoro uku ta jera a kan tebur. Na ɗauki kowanne na auna nauyinsa a tafin hannu, na duba kusoshinsa kamar yadda nake duba haƙoran rago. Ta bar ni na gama, sannan ta yi bayani, kuma ta yi shi a tsare, abin da ya sa na fara ganin girmanta.

Ta ce a cikin kowanne akwai mayen ƙarfe da siririyar waya da aka naɗe. In naɗin ya yi yawa, mayen ya yi ƙarfi, sai ya tura wa amfuli murya da ƙarfi har ta tsage ta zama gurnanin da makaɗan metal suke so. In aka haɗa naɗi biyu tagwaye, ɗaya yana kashe ƙugin ɗaya. Amma ta ce ƙarfi ba shi ne duka ba. Akwai mai ƙarfin da ke dagula murya, ka buga tsirkiya uku a ji kamar kunu.

Na ɗaya mai batir ne. Muryarsa tsaf, babu ƙugi ko kaɗan, amma sai an sa masa wani ɗan batir mai kusurwa huɗu a cikin jitar, kuma ranar da batir ya mutu jita ta mutu. Na biyu tagwaye ne mai faɗi, mai baƙin maye, ba ya son batir, amma ramin jitar Magaji ya yi masa kaɗan, sai an sassaƙe itacen an faɗaɗa. Na uku tagwaye ne da aka matse ya zama siriri, yana shiga ramin ba tare da sassaƙa ba, sai dai bai kai sauran cizo ba. Kowanne tana da jitar da aka sa masa a bango.

Magaji ya gwada ta ɗaya. Ƙara ce, na daure. Ya gwada ta uku. Ita ma na daure. Sai ya ɗauki ta biyu, ya ɗora gefen tafinsa a kan tsirkiyoyi kusa da jaki, ya fara dukan mai kaurin.

Gidi-gidi-gidim. Tsit. Gidi-gidi-gidim.

Wannan gangar noma ce. Ita ce ake bugawa a ƙauyenmu Sukukutane in ubana ya kira gayya, maza sun jeru sun duƙa a kan hauya, makaɗi yana bin su a baya. Na taɓa kai Magaji can yana ƙarami, shekarar ƙarshe da tsohon ya yi gayya. Ban san ya riƙe ta ba. A cikin wannan mikoro kowane bugu yana fita da kaurinsa, a rarrabe, ana jin sa a ƙirji. Nan take na san shi ne za mu saya.

Sai na dubi fuskar Magaji, na ga tana haske. Na dubi Kaneng, na ga ita ma ta gani. Ku 'yan kara kun san abin da wannan yake nufi: mai kaya ya ga kana so, an gama da kai. Abin da kuke yi shi na yi. Na ɓata fuska, na toshe kunne ɗaya.

"Ɗiyata, wanga mi ne haka? Injin niƙan unguwarmu ya hi shi daɗin ji. Ko kyauta anka ba ni sai na yi shawara. Kai, tashi mu tahi, kaina ya ɗau ciwo."

A kara, in ka faɗi haka, mai rago zai kamo hannun rigarka ya ce haba Bawa, dawo mu yi magana. Kaneng ba ta kamo komai ba. Ta kashe amfuli, ta ce, "To, Baba, ba dole," ta mayar da jitar bango. Magaji ya sa tasa a jaka, bai dube ni ba. Na nufi ƙofa a hankali, ina jira a kira ni. Na sauka bene a hankali. Har muka kai titi babu wanda ya kira.

Da yamma Magaji bai ci gwatensa ba. Ya fita, ya ce zai ga abokinsa. Na zauna da Baba Gyang a baranda, na ba shi labarin yadda na kafa ciniki, na ce gobe za ta sauko da kanta.

Ya yi dariya har da tari. "Wa zai sauko? Yarinyar nan abin da ta manna shi ne kuɗinsa. A nan in ka ce abu ba kyau, sai a ce ba ka so."

"Shi dai yaron ya san kara tun shina rarrahe."

"Ya san kara. Amma ba rago ya kaɗa maka ba."

Na tashi na shige ɗaki. Ba na son mutum ya gaya mini gaskiya alhali ina sanye da rigar matarsa.

Da safe Magaji ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, idonsa a ƙasa, "Baba, zan raka ka tasha. Ni zan zamna nan. An ba ni wurin kwana. Ka gaida Inna."

Na ce, "To." Na mayar da rigar sanyi, na yi godiya, muka shiga keke mai ƙafa uku. Ya ɗauko jitarsa, don daga tasha zai wuce wurin abokin. Da muka kai mahaɗar da ke zuwa shagon, na taɓa kafaɗar direba na ce ya juya.

"Baba, mota za ta cika," in ji Magaji.

"Ta cika."

Kaneng ta gan mu, ta ajiye ƙarfen dalma. Na ce ta sauko da jita ta biyu. Na ce wa Magaji ya kaɗa abin jiya. Ya karɓa kamar an ba shi aikin hukunci, ya buga sama-sama.

"Ba haka ba," na ce. "Jiya kana tsayawa bayan dukan, wurin da manoma ka ɗaga hauya. Yau ka tsallake shi."

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya gyara zama, ya ɗora tafinsa, ya buga yadda ya kamata. Gangar noma ba ta tafiya ita kaɗai, akwai ƙaramar ganga da ke amsa mata, kazagi. Da na ji wurinta a buɗe, sai na amsa da yatsuna a kan teburin Kaneng. Ban yi niyya ba. Mun yi zagaye mai yawa haka, har wasu samari suka leƙo daga shagon kusa.

Da ya tsaya, na juya wajen Kaneng.

"Ɗiyata, ki hwaɗa ma yaron ga, gangar gonar kakanai ce, kuma bai ɓata ta ba. Ki hwaɗa mishi jiya ciniki nika yi. Mu a kara ba mu ɓata bakinmu kan ragon da ba za mu saya ba."

"Baba, ga shi fa a gabanka."

"Na gan shi. Ki hwaɗa mishi."

Ta juya, ta gyara murya, ta maimaita masa duka, har da "hwaɗa" da "nika". Samarin suka fashe da dariya. Magaji ma ya yi, amma ya juya fuska wajen bango ya daɗe yana kallon jitocin da ke rataye.

Kaneng ba ta yarda a yi gaggawa ba. Ta ce ya sake gwada dukansu uku, don in ta sassaƙe itace ba ya komawa. Ya gwada. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya tambaye ni kai tsaye.

"Baba, wanne?"

Na ce, "Na ukku, siririn nan ya mai da ganga ƙwarya, a ajiye shi. Na biyu, mai hwaɗin nan shi ka hidda dukan da kaurinai. Na ɗaya, mai batir ya hi su tsabta, ba zan ɓoye ba. Amma irin batirin nan ban taɓa ganin shi a kasuwar Dutsi ba."

"A nan Jos ana samun shi ko'ina," ya ce.

"Kowane shago," in ji Kaneng.

Magaji ya ɗauki mai batir, ya juya shi a hannu, ya daɗe. Ya ajiye. Ya tura mata jitarsa a kan tebur.

"A Dutsi ba a samu," ya ce. "Anti, ki sassaƙa. A sa na biyun."

Ta nuna mini farashin da ke manne a jikin kwali, na biya ban taya ba. Na san wannan ya riga ya kai kunnenku, kuma na san abin da kuke cewa a bayana. Ku ci gaba.

Na tsaya a kanta har ta gama. Ta cire tsirkiyoyi, ta zana, ta sassaƙe itacen kaɗan-kaɗan tana hure garin, ta haɗa wayoyi da dalma, ta daidaita tsayin mikoron don kada mayen ya ja tsirkiya ya shaƙe ta. Sukurorin da ta cire ta jera su a murfin gwangwani, kowanne ya koma raminsa. Na ce mata in ta zo Dutsi tana da rago. Ta ce in fara gaya mata aibinsa, don ta san mai kyau ne.

A tasha Magaji ya ce mini zai zauna a gida har a gama girbi, sannan mu gani. Na ce na ji. An gama girbi, an ɗaure dammuna, an zuba a rumbu, kuma har yau babu wanda ya tayar da maganar.

Na ƙarshe, dawowa. Hanyar da muka bi ita muka biyo, ba abin da zan ƙara, sai dai a Sakkwato na gaya wa Alhaji Namata cewa yaron makaɗi ne, ya ce ai shi tun ganin jakar ya sani. Mun shiga Dogon Dutsi da la'asar. Uwarsa tana tsakar gida tana tuƙa tuwo. Ta ɗago, ta dube ni, ta dubi bayana, ta mayar da ido kan tukunya. Ba ta ce masa komai ba, ita ma ɗan farinta ne. Ta kawo akushi biyu cike.

"Wa yag gaya miki mu biyu ka zuwa?" na ce.

"Ba kowa. Tun da kunka tahi haka nika tuƙawa kullum. Maƙwabta sun gaji da tuwona."

Iyakar abin da ya faru ke nan, daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Wanda ya sake tambayata a kara, shi zai biya shayi.